Shekarar da Na Saci Waƙar Inna

Ku 'ya'yana kun tashi kun tarar da wani labari yana yawo a gidan nan, har kun haddace shi kuna gaya wa abokanku. Wai ubanku ya tsara teyatur, wato wasan kwaikwayo, mai waƙa a Dogon Dutsi zamanin Nasara, wani Bafaranshe ya zo ya ɗauke shi a silima, aka kai gasa ƙasarsu, ana gab da ba shi lamba sai Bafaranshen ya yi hassada ya cire waƙar da ta fi kowace daɗi, silimar ta faɗi. Ban taɓa gaya muku haka da bakina ba, amma ban taɓa ƙaryata shi ba, wannan ma ƙarya ce mai zaman kanta. Mutumin nan ya daɗe a ƙasa, kuma ba shi da mai wanke shi a Arewa sai ni. Bai yi mini hassada ba. Ni na sa aka cire waƙar, kuma tun farko ba tawa ba ce, ta kakarku ce. Idona ya fara gajiya da takarda, gara in rubuta yadda abin ya faru tun ina iya ganin layi.

Ni ne ɗan fari wajen Inna, kun kuwa san yadda abin yake a wurinmu, ko da yake ku 'yan yanzu kun mai da shi abin dariya. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta zama hira da shi, ba ta duban fuskarsa a gaban mutane. Wasu matan don ganin ido suke yi, in an shiga ɗaki su rungume abinsu. Inna ba haka take ba, ita ta riƙe kunyar nan kamar salla. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin Gwaggo Dije, yayar ubana, a cikin gida ɗaya, a ƙauyenmu da ke gabas da Geceme. Sunana Arzika, amma a bakin Inna ni ne "wancan". Da aka kai ni lakwal, wato makarantar boko, na zama "ɗan lakwal", da na fara koyarwa na koma "baƙon Dije". In tana so in ci abinci sai ta dubi danga ta ce a gaya wa wancan tuwo na hucewa, ko da babu kowa a tsakar gidan daga ni sai akuya. Ina yaro abin bai dame ni ba, don haka na ga ana yi wa kowane ɗan fari. Sai da na girma na yi nisa da gida na fara jin abin yana cina, na rasa wanda zan gaya wa.

Ubana ya tafi cin rani Kurmi, can ƙasashen kudu, ina da shekara huɗu, ya ce zai dawo da ruwan farko, bai dawo ba. Ba a kawo labarin mutuwarsa ba, ba a kawo na rayuwarsa ba. Inna ta ƙi wani aure, ta zauna gidan da ƙanwata, kuma ba ta taɓa zancensa da kowa ba. Wuri ɗaya ne bakinta yake buɗewa, wato kan dutsen niƙa. In la'asar ta yi, maza ba su gida, ta durƙusa ta zuba hatsi, sai waƙa ta fito tana bin hannunta, in ta tura ta ja baiti, in ta jawo ta sauke shi. Ba ta da babbar murya, ƙasa-ƙasa take yi, da ɗan kaushi a ciki. A nan take tambayar hanyar Kurmi ko ta ga wani mai jar hula, a nan take yi wa damina faɗa don ta zo ita kaɗai. Abin kuwa yana da doka, kowa ya san ta ba tare da an koya masa ba: abin da mace ta faɗa a kan dutsen niƙa, ba ta faɗa ba. Ko ka ji, ba ka ji ba. Ba a tanka mata, ba a maimaita mata, ba a fita da shi ƙofar gida. Ni kuwa ina bayan rumbu ina saurare ina haddacewa, tun ban san abin da zan yi da shi ba.

Da aka ba ni aikin mushe, yadda muke kiran malamin boko, a lakwal ta Dogon Dutsi, a shekarun ƙarshe na mulkin Nasara, teyatur ne abin yayi. Kowane gari mai bariki yana da ƙungiyar samari, ana wasa ana gasa har Doso da Yamai. Mu ma muka kafa tamu, malamai uku da 'yan aikin asibiti da 'yan matan da iyayensu suka yarda. Sauran garuruwa wasan yaƙi da sarauta suke yi, ni na ce mu yi na macen da mijinta ya tafi cin rani, a yi shi da waƙa tun daga farko har ƙarshe. Na zauna kwana shida ina rubutu, aka ce Mushe Arzika akwai basira. Basirar duk a kunne take. Waƙa bakwai ce a wasan, biyar na Inna ne, biyun da na ƙaga da kaina kuwa su ne in an fara su mutane suke tashi su miƙe ƙafa. Mai jan waƙar ita ce Zainabu, ɗiyar wani ma'aikacin gidan waya, wato uwarku, ko da yake a lokacin da an ce mata za ta aure ni da ta yi dariya har ta zauna ƙasa. Muka yi wasan a Dutsi mata suka yi kuka, muka yi a Doso aka sa muka maimaita, muka yi a Yamai, a can ne mutumin ya gan mu.

Dogo ne siriri, rana ta gasa masa wuya ya yi jajir, aikinsa yawon ƙasashe yana ɗaukar silima. Sunansa na gaskiya ba zan rubuta ba. Mutanen Dutsi A-sake suka sa masa, don da ya zo bayan kaka da kayansa, ashe na'urar tasa ba ta da numfashi, a wana ta da hannu ta yi ɗan gudu ta tsaya, shi kuwa kome aka yi sai ya ce a sake. Zainabu ta yi kukan rabuwa da mijin wasa sau goma sha ɗaya a rana ɗaya, na ƙarshen kukan gaske ne, don yunwa. Murya kuma daban ake ɗaukarta, da wani akwati mai nauyi wanda zare ruwan ƙasa yake juyawa a kansa daga faifai zuwa faifai. Ya ce in an gama zai tafi ƙasarsu ya haɗa hoto da murya, sannan ya shigar da silimar wata gasa da ake yi duk shekara, inda manyan masu sana'ar suke zama su fitar da gwani. Ya ce shi dai bai taɓa ganin an kai musu wasan waƙa wanda baƙar fata ya tsara da kansa da harshensa ba, kuma in aka ci, wanda ya rubuta wasan za a aiko masa da takardar jirgi. Daga ranar nan ko gaisuwata sai da ta canza.

Rana ta tara da fara aiki ya saurari waƙar niƙa ta cikin wasan, ya cire abin kunnensa ya dube ni. Da Faransanci muke magana, ga ma'anar abin da ya ce.

"Yarinyar tana da murya, amma ba ta taɓa jiran kowa ba. Kai ma ba kai ka yi waƙar nan ba. Wa ya yi ta?"

Da na dage na ce ni ne, da yanzu ba na wannan rubutu. Amma alfahari ya biyo mini ta wata ƙofa, na ce uwata ce. Ya ce mu je mu gan ta.

Kumandan, Nasaran da ke mulkin Dutsi, ya ba mu mota, muka bi ta Kore Mairuwa muka faɗa yashi, muka isa ƙauye da azahar. Baba Noma, ƙanen ubana, shi ne maigida, ya yanka wa baƙo zabo, aka gyara masa zaure. Da aka natsa na ja Gwaggo gefe na gaya mata abin da ya kawo mu. Ta dube ni tun daga takalmi har tabarau.

"Kai Arzika, lakwal ta cinye maka hankali? Waƙad dutsi ta, ba ta biki ba. Ta yi ta gaban Nasara, kai kuma kana tsaye? Mi kaka so a ce da ita garin ga?"

Na yi ta lallashi har ta yarda ta kai saƙon. Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta dubi danga ta ba da amsa.

"A hwaɗa ma baƙon Dije ni ban iya waƙa ba. Niƙa nika yi."

Ku lura da nan, don a nan ne labarin da kuka sani ya rabu da gaskiya. Da na gaya wa A-sake ta ƙi, ɗaga kafaɗa ya yi ya ce ba a tilasta wa mutum, gobe mu zaga fadama mu koma. Ni ne ban haƙura ba. Da safe na ce masa ta sake shawara, ta yarda, amma da sharaɗin kada ta ga baƙo ko akwatinsa. Ya yi murna, ya nuna mini inda ake dannawa da inda ake wanawa. Na ɓoye akwatin a tsohon rumbun da ke kusa da wurin niƙa, muka yi sallama da mata cewa za mu fadama da Baba Noma sai magariba. Da muka yi nisa na ce na manta tabarau, na dawo ta bayan gida na haura na shige rumbun. Babban mushe, da farar riga, tsugune cikin ƙaiƙayi, gumi na bin baya, na zura bakin abin ɗaukar muryar ta wani ɗan rami ina jira.

La'asar ta yi, Gwaggo da ƙanwata suka tafi rijiya, gida ya yi tsit. Na ji Inna ta aje ƙwarya, ta kakkaɓe dutsi, ta durƙusa. Na danna. Ta fara da waɗanda na sani, ta tambayi hanyar Kurmi, ta yi wa damina faɗanta. Har na kai hannu zan tsayar, don na sami abin da nake nema, sai na ji ta yi shiru, dutsi kaɗai yana tafiya. Da ta dawo, wata ce daban ta ɗauko, wadda ban taɓa ji ba.

Kurmi ta ci uban, lakwal ta ci ɗan,
ni da dutsi anka bari gida.
Arzika, in ka zo ba ni duban ka,
in ka juya ina bin sawunka da ido.
Arzika ya rame, wa ka dahwa mishi Dutsi?
Arzika, Arzika, ɗana na hwari.

Shekarata ashirin da huɗu, ban taɓa jin yadda sunana yake a bakinta ba. Tana jan tsakiyarsa a hankali, ba kamar yadda kowa yake faɗa ba. Sau huɗu na ƙirga, don ta maimaita na ƙarshen. Na cusa hannun rigata a baki don kada kukana ya shiga akwatin. Ban san lokacin da ta gama ta kwashe garinta ba, sai da na ji zare ya ƙare yana kaɗa faifai.

A nan ya kamata in tsaya. Zaren yana hannuna, ba wanda ya san abin da ke ciki, da na ce wa A-sake akwatin ya ƙi aiki da shi ke nan. Ban yi ba. Da suka dawo gabanin magariba ya sa abin kunnensa ya saurara, na ga idonsa ya kaɗa, alhali ko kalma ɗaya bai gane ba. Ya tashi ya cire malafa ya ce dole ya gode mata, dole ta ji da kunnenta irin abin da ta yi. Ya tambaye ni ko ba laifi a kunna a tsakar gida. Na ce ba laifi. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa ruɗewa na yi, amma ba ruɗewa ba ce. So nake in sake ji, kuma so nake duk wanda ya taɓa ganin tana magana da danga a kaina ya ji cewa uwata tana sona.

Gidan cike yake, don maƙwabta sun shigo kallon Nasara. Ƙarar dutsi ta fara fitowa, sannan muryar. Yara suka fashe da dariya, ga Inna tsaye bakinta rufe ga muryarta cikin akwati. Manya ba su yi dariya ba, sun fara duban juna. Da sunan ya fito sai wata maƙwabciyarmu ta dafe ƙirji.

"La'ilaha! Ta hwaɗi sunan! Wallahi ta hwaɗi shi!"

Wata ta ƙyalƙyale daga baya. Inna tana riƙe da ƙwaryar ruwa. Ta sunkuya ta aje ta a hankali, ko ɗigo bai zuba ba, ta jawo zane ta rufe kanta, ta ratsa mutane ta shiga ɗaki. Baba Noma ya ce a kashe abin. A-sake yana tsaye da malafa a hannu yana murmushi yana neman wadda zai gode wa. Gwaggo ta matso har ina jin numfashinta.

"Ɓarawo ma hatsi shika ɗauka cikin rumbu. Kai bakin uwarka ka shiga sata."

Da sassafe muka bar garin, ba ta fito ba. A mota ya tambaye ni me ya faru, na ce masa kunya ce irin ta matanmu, za ta wuce.

Ya tafi da kayansa, mu kuma muka shiga jira. Ban taɓa ganin gari ya ɗora rai a kan abu kamar yadda Dutsi ta ɗora a kan silimar nan ba. Ranar da motar wasiƙu take zuwa, kafin in taso daga lakwal mutane sun cika inuwar gidan waya, uban Zainabu yana ɗaga ambulan sama tun daga taga in akwai tawa. Ni zan karanta in fassara, a yi ta kai zancen kasuwa ana ƙara masa gishiri. Wasiƙa ta farko ta ce an haɗa hoto da murya. Ta biyu ta ce an karɓi silimar a gasa. Ta uku ta ce akwai wasu guda biyu da ake zancensu, ɗaya ta masunta ɗaya ta masu hawan duwatsu, sai mahauta suka yanke hukunci cewa kifi ba ya cin gasa, dutsi kuwa mu ne da shi. Wani tsohon soja da ya taɓa zuwa Faransa ya zama malaminmu, kullum yana bayanin yadda ake miƙa lamba da hannun da ake karɓa da shi. Kumandan da kansa ya tsayar da mota ya gaishe ni. Na sa tela ya ɗinka mini kwat mai kauri saboda sanyin can, na rubuta jawabin godiya shafi uku ina karanta wa madubi. Amma a kowace wasiƙa akwai layin da ba na fassarawa. A-sake yana cewa duk wanda ya nuna wa silimar, in an zo wurin muryar tsohuwar sai ya yi shiru, kuma in har za mu ci, ita za ta ci mana. Ni kuwa in na kwanta rana bayan lakwal, ba lambar nake gani ba. Ganin kaina nake a babban ɗaki mai duhu inda ba wanda ya san ni, ina zaune ana kiran sunana sau huɗu.

Wata na uku, ranar kasuwa, na taso na tarar da Gwaggo zaune a ƙofar ɗakina, ƙafafunta fari fat da tafiya. Na buɗe mata, ta ƙi shiga. Ruwa ma sai da na roƙe ta.

"Tun rad da kunka tahi dutsin gidanmu ya kurumce. Uwarka niƙa taka yi baki ruhe, awa mai takaba. Mata sun ɗauke waƙar, suna yi mata ita bakin rijiya suna dariya, har ta bar zuwa ɗiban ruwa. Ta ce a hwaɗa ma baƙona shi maido mata da abinta."

"Gwaggo, abin ya ƙetare teku."

"Da ƙahwa ya tahi? Kai ka aika shi. Sai ka aika shi dawo."

Na ce to. Ta koma ranar, ni kuwa na yi wata huɗu ban rubuta kome ba. Kullum da dalilina. Yau in ce mai faruwa ta riga ta faru, cirewa ba za ta toshe bakin matan rijiya ba. Gobe in ce a Faransa wa ya san ta, wa ya san kunyar ɗan fari. Jibi in ce bari a ci gasar tukuna, in na dawo da lamba na aje a gabanta ai za ta huce. Duk hutun da aka yi a tsakanin ban je gida ba, na ce aiki ya yi yawa.

Uwarku ce ta kawo ƙarshen abin. Za mu yi wasan a wani taro na bariki, muna gwaji a aji bayan an tashi yara, da aka zo waƙar niƙa sai ta tsaya ta naɗe hannu. Ashe labarin ya iso Dutsi ta bakin masu kawo hatsi. Ta jira sauran suka fita.

"Mushe, ni na ɗauka tsohuwar ta ba ka da hannunta. Ashe kayan sata nika rerawa shekara guda ana tahwa mini. Ba ni ƙara yin ta."

Na fara yi mata bayanin fasaha da yadda duniya ta ci gaba, da Faransanci ma, don ya fi sauƙin yin ƙarya. Ta bar ni na gama.

"Kana son a kira sunanka Faransa, na gane. To ita da ta kira shi, ka ga abin da ka yi mata?"

A kan teburin ajin na rubuta wasiƙar. Na gaya masa kome, rumbun da ƙaryar da na yi masa da abin da sunan yake nufi a wurinmu. Amsarsa ta zo shafi huɗu. Rabi faɗa ne, don na sa shi ya tozarta tsohuwa da hannunsa yana tsammanin girmama ta yake yi. Rabi roƙo ne, ya ce in an cire muryar abin da ya rage wasan 'yan lakwal ne mai kyau, ba zai ci kome ba, shekararsa guda ta tafi banza, in sake tunani. Na sake tunani kwana biyu, na aika masa da layi biyu cewa ba tawa ba ce balle in bayar. Bai ƙara rubuto mini ba. Bayan wata ɗaya da rabi wani ɗan ƙunshi ya zo, faifan zaren ne a cikin gwangwani, ya rubuta a kai cewa babu wani kwafinsa a ko'ina.

Gasar ta masuntan nan ce ta ci. Tamu aka kawo ta Dutsi daga baya, aka haska a bangon lakwal bayan magariba, da muryar Zainabu a wurin niƙa. Mutane sun ji daɗi, kowa yana ihu in ya ga kansa ko jakinsa. Telan da ya ɗinka mini kwat shi ya fara cewa ai an ji akwai wata waƙa da Nasaran ya cire don baƙin ciki, kafin mako guda zancen ya zama gaskiyar gari. Ban ƙaryata ba, don ya fi mini sauƙi a ce an cuce ni da a ce na cuci uwata.

Gwangwanin ya kwana uku a ɗakina. Babu irin akwatin nan a Dutsi, amma na san inda ake da shi a Yamai, kwana ɗaya ne a mota. Sau ɗaya kawai, na ce wa kaina, in ji sau ɗaya in kai mata, wa zai sani. Har tasha na je da jakata, motar Yamai tana lodi, yaran mota suna jan hannuna. Na tsaya a wurin har ta cika ta tashi. Na hau wadda za ta kudu.

Na tarar da Inna a bakin murhu, Gwaggo tana gyaran kuka. Na durƙusa na miƙa wa Gwaggo gwangwanin, ita ta miƙa mata. Ta buɗe ta fito da faifan tana juya shi a hannu.

"Duka na? Ba a rage ba?"

Da Gwaggo take. Ni ma na dubi Gwaggo na ce duka ne, ko zare ɗaya ba a rage ba.

"Ashe ƙanƙane na," in ji Inna.

Ta tura shi ƙarƙashin tukunya ta gyara itace a kai. Ya murɗe ya yi baƙin hayaƙi mai wari, kafin a ce me ya narke. Ina durƙushe ina kallo, hawaye na zuba, ban ɓoye ba. Gwangwanin ta ba Gwaggo ta ce zai yi ajiyar kanwa. Kwana biyu na yi a gida, an yi niƙa sau biyu, dutsi kaɗai na ji.

Sai bayan damina Gwaggo ta aiko mini da baki cewa waƙa ta dawo gidanmu, amma in ba na nan. Duk zuwan da nake yi, tunda ana sanin ranar, in na iso sai in tarar an yi niƙa tun da hantsi an share wurin. Na karɓi wannan, don ni na saya wa kaina. Shekara biyu a haka, har na auri uwarku na sayi keke. Wata rana aka aike ni duba wata lakwal a Geceme, aikin ya ƙare da wuri, na ce bari in leƙa gida ba tare da na aika ba. Na yanko ta gonaki, an riga an yi girbi, ina tura keken cikin yashi. Da na kawo gindin babban gawon nan da kuka sani, na bayan gari, iska ta kawo mini ƙarar dutsi, sannan muryar. Ita ce, ƙasa-ƙasa, da kaushinta. Daga inda nake ana jin tashinta da saukarta amma ba a jin kalmomi. Taku talatin ne tsakanina da inda zan ji su, dangar bayan gida tana nan, ba kowa a hanya. Ban san me take cewa ba, ban san ko da ni a ciki ba, kuma ban taɓa son sanin wani abu a duniya kamar yadda na so in san wannan ba. Na daɗe a tsaye riƙe da keke. Sannan na ɗora yatsa a kan ƙararrawa na yi ta bugawa, da ƙarfi, ban daina ba sai da na ji muryar ta ɗauke.

Na zagaya ta ƙofa na yi sallama. Tana durƙushe ta ba ni baya, tana share gari daga kan dutsi da tafin hannu. Gwaggo ta amsa ta shimfiɗa mini tabarma. Inna ba ta juyo ba, ta gama sharewa tsaf, sannan ta dubi danga.

"A hwaɗa ma mai ƙararrawa an ji shi. An gode."

Ta yi shekara tara bayan wannan. Ban sake jin waƙarta ba har ta rasu, kuma duk zuwan da na yi, tun daga gawon nake fara bugawa.